Digirin Kasuwanci a Lokacin Matsi: Yadda Ake Shiga Aikin Ba da Shawara Daga Karkarar Kano da Jigawa

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin man fetur, aka kuma saki naira ta nemi farashinta a watan Yuni, lissafin kowane mai sana'a ya birkice, daga mai injin shinkafa a Kura har dillalin riɗi a Maigatari. Zuwa Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari, Babban Banki kuma ya ɗaga kuɗin ruwa zuwa kashi 27.5, rancen banki ya gagari ƙaramin ɗan kasuwa. A cikin wannan hali ɗalibai suke fitowa daga BUK, da Jami'ar Tarayya ta Dutse, da Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa, da kwalejojin fasaha na Kazaure da Haɗeja, riƙe da takardar gudanar da kasuwanci ko akanta ko tattalin arziki, su koma gida su zauna jiran kira.

Wannan jagora ta wanda ransa ke son aikin ba da shawara kan gudanarwa ce, wato a kira ka ka duba kamfani ko ma'aikata ko ƙungiya, ka gano inda take ɗingishi, ka faɗi gyara, a biya ka. Kujerun wannan aiki sun yi ƙaranci, babu amfanin ɓoyewa. A watan Maris na 2023 babban kamfanin shawara na Accenture ya sanar da sallamar ma'aikata 19,000 a duniya, takwaransa McKinsey ma ya rage nasa a shekarar. A Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin da take bai wa ƙasashen waje, daga bisani aka rufe USAID, hukumar da ke raba tallafin, Birtaniya kuma ta sanar da rage nata. Ayyukan ƙungiyoyi da dama da ke ɗaukar matasa a Arewa sun tsaya cak.

Duk da haka aikin yana nan, abin da ake saya ne ya canza. Lokacin yalwa ana biyan mashawarci ya faɗi inda za a buɗe sabon reshe. Lokacin matsi ana biyansa ya nuna inda kuɗi ke zurarewa. Wannan na biyun kuwa ana iya koyonsa a Bunkure ko Auyo fiye da yadda za a koya a aji, kuma wanda ya yi shi sau ɗaya da hannunsa, yana da alƙaluman da zai nuna, ya sha gaban ɗari masu riƙe da digiri kawai. Duk abin da ke tafe a kan wannan ya tsaya.

Mataki na farko: ka san ƙofofin da ake shiga

Ƙofofi uku ne, kuma ba makulli ɗaya ke buɗe su ba.

Ta farko ita ce ta manyan kamfanoni: PwC, KPMG, Deloitte da EY, masu ofisoshi a Legas da Abuja, sai McKinsey da BCG a Legas, sai na gida irin su Phillips Consulting da Sahel Consulting wanda ya karkata ga noma da abinci. Albashi da horo sun fi kyau a nan, gasar kuma ta fi zafi. Yawancinsu sakamako 2:1 suke nema zuwa sama, kuma wasu suna sa iyakar shekaru ga sababbin ɗauka. Wannan iyaka ta cuci 'yan jami'o'in gwamnati, domin yajin aikin ASUU na 2020 ya ci kusan wata tara, na 2022 ya ci takwas. In kana kusa da iyakar, wannan ƙofar za ka fara ƙwanƙwasawa tun kana bautar ƙasa.

Ta biyu ita ce ta ayyukan raya ƙasa. Tallafin kyauta ya ragu, amma ayyukan da ake yi da rancen Bankin Duniya da Bankin Raya Ƙasashen Musulmi suna tafiya, saboda an riga an rattaba hannu a kansu na shekaru. ACReSAL, aikin farfaɗo da ƙasar noma da hamada da zaizaya suka ci, mai dala miliyan 700, ya haɗa jihohin Arewa 19 da Abuja. Akwai AGILE na karatun 'yan mata, akwai L-PRES na kiwo. Kowane irin wannan aiki yana da kamfanonin shawara a bayansa, su kuma suna buƙatar masu jin Hausa da za su shiga ƙauye.

Ta uku ita ce wadda mutane suka raina: masu injinan shinkafa na Kura da Garun Malam da Haɗeja, masu tara zoɓo da riɗi da ƙaro a Gumel da Maigatari suna kaiwa Dawanau, ƙungiyoyin manoman rani, makarantun kuɗi, kemis, gidajen burodi, masu ruwan leda. Babu wanda zai buga talla a jarida a cikinsu. Ra'ayina shi ne ka fara da wannan ta ukun ko da burinka Legas ne, saboda ita kaɗai ce ba ta tambayar shekarun gogewa, kuma a cikinta ake samo abin da zai buɗe sauran biyun.

Mataki na biyu: haɗa kayan aiki

Wata biyu zuwa uku sun isa, in da gaske kake. Excel ne gaba da komai: ka iya tsara jadawali, haɗa shafi da shafi, taƙaita layi dubu zuwa layi goma, zana hoton alƙaluma mai sauƙin karantawa. Ba kallon bidiyo ake nufi ba. Ka karɓi littafin shagon yayanka ka shigar da cinikin wata uku, a nan za ka gane abin da ba ka iya ba. Bayan shi PowerPoint, sai KoboToolbox da ake tattara bayanai da shi a waya ko babu intanet, wanda kyauta ne kuma ƙungiyoyi da yawa da shi suke aiki. Power BI, manhajar nuna alƙaluma a hoto, zai iya jira. Shirin 3MTT na gwamnatin tarayya, da aka fara a ƙarshen 2023, ya koyar da nazarin bayanai kyauta, ka sa ido kan buɗe rajistarsa.

Kwamfuta wajibi ce. Tsohuwa ma ta yi, muddin batirinta yana riƙe caji. Mai bautar ƙasa da ke karɓar alawus na naira 77,000, ita zai fara tara wa kuɗi kafin sabuwar waya.

Sai rubutu. Ka iya bayyana matsala a shafi ɗaya da Turanci mai tsabta, ka kuma iya faɗin ta da Hausa a cikin minti biyu ga mutumin da bai yi boko ba. Na biyun ya fi wuya, kuma shi ne abin da ɗan Legas ba zai iya yi maka gasa a kai ba.

Batun satifiket na ƙwararru kuwa, kada ka yi gaggawa. ICAN ko ANAN, ƙungiyoyin ƙwararrun akantoci na Najeriya, suna da nauyi ga mai son ɓangaren kuɗi da haraji. NIM, cibiyar ƙwararrun masu gudanarwa, tana da tsarin masu bautar ƙasa mai rahusa. ACCA, satifiket ɗin akanta na Birtaniya, da fam ake biya, PMP na jagorantar ayyuka da dala, kuma PMP sai ka yi shekara uku kana jagorantar aiki kafin ka cancanci zama. Da naira a inda take, ɗaya ya isa, shi ma bayan ka san ɓangaren da ka dosa.

Mataki na uku: aikin farko

Nan ne zan daɗe, don nan ne abin yake.

Zaɓi sana'a ɗaya da ke kusa da kai, mai ɗan girma, wadda ake saye da sayarwa kullum. Mu ɗauki injin gyaran shinkafa. Kada ka je kai kaɗai da takardu a hannu. Ka sa kawunka ko liman ko wani dattijo da mai injin ke jin nauyinsa ya gabatar da kai. Bayan gaisuwa, ga abin da kusan ko yaushe za ka ji:

"To yaro, me za ka koya mini a shinkafa? Kafin a haife ka nake wannan sana'a."

Gaskiya ya faɗa, kada ka yi musu. Ka ce:

"Alhaji, Allah ya ƙara girma, ba koyarwa na zo yi ba, ni ne ma zan koya. Alfarma nake nema, a bar ni in riƙa rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita na wata ɗaya. In na ga wani abu zan kawo maka kai kaɗai. In ban gani ba, babu abin da ka rasa."

Kada ka ambaci kuɗi a wannan zama. Kada kuma ka tambayi ribarsa, ba zai faɗa ba, tambayar ma za ta rufe maka ƙofa.

In ya amince, sayi littafi mai bango mai kauri, ka ari sikeli in babu a wurin. Abubuwa biyar za ka rubuta kullum: nauyin shanshera da aka saya da farashinta, nauyin shinkafar da ta fito da na tsaki da dusa, litar gas da janareta ya sha da awowin da ya yi, kuɗin leburori da 'yan dako da itacen turara, sai kayan da suka fita bashi da sunan wanda ya ɗauka da ranar. Nauyi nake cewa, ba buhu ba. Buhu ba ma'auni ba ne, wani an danna shi an ɗinka masa hula, wani sakwa-sakwa yake, kuma yawancin asarar da za ka gano tana ɓoye ne a tsakanin buhu da sikeli.

Ga yadda lissafin ke kasancewa, da alƙaluman misali. A ce injin yana cin buhu ɗari a mako, kowanne kilo ɗari. A ce in komai na tafiya daidai kilo 63 na shinkafa yake fitarwa daga kowane buhu, kai kuma sikelinka ya nuna 58. Kilo biyar a buhu ba ya tayar wa kowa hankali. Amma a mako kilo 500 ne, buhu goma kenan na kilo hamsin. Ka ninka da farashin ranar, ka ninka da makonni huɗu. Lokacin da ka faɗa wa Alhaji cewa buhu arba'in ke ɓacewa a wata ba tare da ɓarawo ya shigo ba, a nan zai gyara zama.

Sai ka nemo dalili, kuma dalilin ba a littafi yake ba, a filin shanya yake. Danshi ne na farko da za ka duba. Shanshera tana son danshi wajen kashi 14 kafin a casa. In aka saye ta da kashi 20 aka shanya ta sauko 14, kusan kilo bakwai ya tafi a kowane ɗari, Alhaji ya sayi ruwa da kuɗin shinkafa. In kuma aka bar ta a kan siminti rana ta ƙone ta, sai ta karye a inji, tsaki ya yi yawa, tsaki kuwa ba a sayensa da farashin tsayayya. Sai tsakuwa da ƙaiƙayi da aka auna tare da kaya. Sai robar inji da ta cinye ba a canza ba. Na'urar auna danshi ta hannu ba ta kai kuɗin buhunan da ke ɓacewa ba, kuma tana iya zama shawararka ta farko.

Wuri na biyu da kuɗi ke zurarewa shi ne bashi. Lokacin da hauhawar farashi ta haura kashi 30 a shekara, kuɗin da ya kwana wata biyu a hannun mai ɗaukar kaya ya rasa kusan kashi biyar na ƙarfinsa. Ka jera masu bashi daga wanda ya fi daɗewa. Sau da yawa mutum uku ko huɗu ne ke riƙe da rabin kuɗin, kuma ɗaya daga cikinsu suruki ne ko abokin tasowa. Ka miƙa jerin, ka yi shiru. Yadda za a karɓo ba hurumin yaro ba ne.

Na uku shi ne farashin mayarwa. Ɗan kasuwa ya sayi buhu 40,000, ya sayar 46,000, yana murnar riba, ya koma kasuwa ya tarar buhun ya kai 48,000. A takarda ya ci riba, a sito jarinsa ya ragu. Haka aka yi ta yi a 2023 da 2024. A 2025 kuma abin ya juya, farashin hatsi ya sauko, waɗanda suka cika sito da tsada suka ɗanɗana kuɗarsu. Don haka kada ka taɓa yin duba kan inda farashi zai dosa. Abin da za ka iya nunawa shi ne kwana nawa kaya ke yi a sito, da abin da za a rasa in farashi ya faɗi da kashi goma ko ashirin.

Sai wuta. Tun Afrilun 2024 da aka kai kuɗin wutar rukunin A, wato layukan da suka fi samun wuta, naira 225 kowane yunit a lokacin, masu injin da ke kan layi mai kyau ma sun shiga lissafi tsakanin KEDCO da janareta da sola. Ka fitar da kuɗin wuta a kan kowane buhu, ba a kan wata ba. Mutane kaɗan ne suka taɓa ganin wannan lamba a sana'arsu.

Gargaɗi biyu. Manaja da yaran inji za su ɗauke ka ɗan leƙen asiri daga ranar farko. Ka gaishe su da girmamawa, ka ci abinci tare da su, ka tambaye su abin da ke ba su wahala, domin su suka san inda matsalar take tun kafin ka zo. Ko ka ga alamar hannu, kalmar sata kada ta fito daga bakinka. Ka ce lissafi bai haɗu ba a wuri kaza, ka bar mai dukiya da dukiyarsa. Na biyu, abin da ka gani a littafin mutum amana ne. A majalisa za a zolaye ka, a gida ma Inna za ta tambaya ko da gaske ne Alhaji wane yana da kuɗin da ake faɗa. Ranar da ka amsa, ranar ka gama aiki a garin.

Ƙarshen wata, ka rubuta shafi biyu: abin da ka gani, abin da yake ci a wata, gyara uku kacal, da kuɗin kowane gyara. Ka karanta masa da Hausa, ku biyu. Ka nemi ya gwada guda ɗaya, ka dawo bayan wata ka sake aunawa. Wannan awo na biyu shi ne dukiyarka.

Ƙanwata, ke ma wannan hanya taki ce, har kin fi mu wata dama. Matan da ke turara shinkafa, da masu ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, da ƙungiyoyin adashi, suna juya kuɗi masu yawa a cikin gida inda namiji ba ya shiga. Kamfanonin da ke aikin raya ƙasa kullum suna ƙarancin mata masu digiri da za su iya zama da waɗannan mata su fito da lissafi.

Mataki na huɗu: mayar da aikin takarda

Ka nemi izini ka rubuta labarin aikin a shafi ɗaya da Turanci, ba suna, ba ainihin kuɗi, sai kashi cikin ɗari: matsala, abin da ka auna, abin da aka gyara, abin da ya canza. A CV ɗinka ka goge jerin nan na "mai ƙwazo, mai aiki tare da jama'a" da kowa ke kwafa. Layi ɗaya da ke cewa ka auna aikin injin shinkafa na wata biyu, ka gano asarar kaza, aka rage ta zuwa kaza, ya fi su duka, gani ya kori ji. Ka sa shi a LinkedIn. Aiki biyu ko uku irin wannan a sana'o'i daban-daban sun isa ka fara nema.

Mataki na biyar: neman manyan kamfanoni

A shafukansu na intanet suke buɗe ɗaukar sababbi, yawanci sau ɗaya a shekara, kuma ba sa daɗewa a buɗe. Ka riƙa dubawa duk mako, tare da Jobberman da LinkedIn. Ba a biyan ko sisi. Duk wanda ya ce ka turo kuɗin fom ko na "gurbi" ɗan damfara ne.

Zangon farko jarrabawa ce ta kwamfuta mai agogo: lissafi, fahimtar rubutu, da tunani. Ba wuyar tambayoyin ke kayar da mutane ba, lokaci ne. Ka yi atisaye da agogo a gabanka. Ranar jarrabawa kada ka dogara da sabis ɗin ƙauye. Ka shiga Dutse ko Haɗeja ko Kano tun jajibiri, da cikakken caji da layukan waya biyu na kamfanoni daban.

Sai intabiyu, inda za a ajiye maka matsala a ce warware. Za a iya cewa, buhun taki nawa ƙaramar hukuma guda take buƙata a damina? Ba amsar suke nema ba, hanyar suke kallo. Ka yi tunani a fili: mutum nawa, gida nawa kenan, kashi nawa ke noma, kadada nawa kowane gida, buhu nawa a kadada, kashi nawa ke da halin saya. Ko a ce ribar wani kamfani ta faɗi, me ya sa? Ka raba: ciniki ne ya ragu ko kashewa ce ta ƙaru, in ciniki ne, farashi ne ko yawan kaya. Wanda ya yi wata biyu a bakin sikeli ya riga ya yi wannan da kuɗin gaske. Ka sami aboki ku riƙa yi wa juna tambaya da Turanci da babbar murya, domin yawancinmu mun iya a zuci, baki ne ke sarƙewa.

Wani abu kuma: lokacin matsi ɓangaren binciken kuɗi da na haraji sun fi ɗauka a kan ɓangaren shawara, saboda doka ta tilasta wa manyan kamfanoni binciken shekara-shekara, ga kuma sababbin dokokin haraji da aka sa wa hannu a Yunin 2025. In nan aka ba ka, shiga. Sauya ɓangare daga ciki ya fi sauƙi a kan shiga daga waje.

Mataki na shida: ayyukan raya ƙasa

Tallan neman mashawarci da kake gani a Daily Trust kusan ko yaushe shekaru biyar ko goma na gogewa yake nema, ba naka ba ne tukuna. Amma ka karanta shi, domin yana gaya maka aikin da ke tafe. Kamfanin da ya ci kwangilar zai buƙaci masu tattara bayanai na mako biyu ko uku. Daga nan ake farawa: mai tattara bayanai, sai mai kula da rukuni, sai mai tsaftace bayanai da rubuta rahoto. Wanda ya iya Excel ba ya daɗewa a matakin farko.

Ka kai CV da shafin nan naka ofisoshin ayyukan a Kano da Dutse, da KNARDA da JARDA, hukumomin raya noma na jihohin biyu, ka kuma riƙe malamanka na jami'a, don sau da yawa su ake bai wa binciken su nemo yara. Ka tambayi kuɗin rana, da na mota, da ranar biya, kafin ka hau babur. Kuma kada ka cika fom a gindin bishiya ka ce ka shiga gida-gida. Wayar tana ɗaukar wuri da lokaci, masu kula kuma sun san juna.

Mataki na bakwai: tsayawa da ƙafarka

In mutum na biyu da na uku suka fara nemanka, lokacin rajista ya yi. A CAC, hukumar rajistar kamfanoni, za ka iya farawa da sunan kasuwanci, ya fi araha. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ba mutum ɗaya damar buɗe kamfani shi kaɗai, amma wannan sai ka fara neman kwangilar hukuma. Ka karɓi lambar haraji, ka buɗe asusun banki daban da na aljihunka. SMEDAN, hukumar bunƙasa ƙananan sana'o'i, da Bankin Masana'antu suna da tsarin tantance masu taimaka wa ƙananan 'yan kasuwa, ka nemi sharuɗɗansu ka riƙa shiri.

Farashi kuwa, aikin farko kaɗai ne kyauta. Daga nan ka yanka kuɗi a kan aiki, ba a kan rana ba, don Alhaji ba zai gane dalilin biyan mutum kuɗin zama ba. Abin da ya fi tafiya a karkara shi ne kuɗin wata: ka riƙe littafin wurare huɗu ko biyar, ka zaga kowanne sau ɗaya a mako, ka kai rahoto ƙarshen wata. Rabi kafin aiki, rabi bayansa. Ku rubuta yarjejeniya ko ta layi biyar ce, da shaida. In ya ce, "Haba ɗana, tsakaninmu har sai an rubuta?" ka ce, "Baba, don kada in manta abin da na yi alkawari ne." In hukuma ko babban kamfani ne ya biya ka, za a cire harajin riƙewa daga kuɗin, ka karɓi shaidar cirewar ka adana.

Aikin da za a fi kawo maka shi ne rubuta tsarin kasuwanci don neman rance ko tallafi, a Jaiz ko TAJBank ko Bankin Masana'antu, ko Gidauniyar Tony Elumelu da ke buɗe nema a farkon Janairu tana ba da dala 5,000. Aiki ne halal, amma a nan ake lalacewa. Za a zo maka da gonar da babu ita, a ce ka ƙirƙiro alƙaluma, in kuɗi ya fito a ba ka kaso. Ka ƙi. Ka karɓi kuɗin rubutu tsayayye, ka faɗa a fili cewa ba ka da iko kan amincewar banki, kuma kada ka rubuta wa sana'ar da ba ka je ka gani da idonka ba.

Kwangilar gwamnati ka bar ta sai ƙarshe. Tana neman takardun haraji na shekaru uku, da rajista a hukumar tantance kwangila ta jiha, a tarayya kuma har da na hukumomin fansho da horo da inshorar ma'aikata, wato PenCom da ITF da NSITF, sannan biya yana iya jinkiri fiye da yadda sabon shiga zai iya jurewa. In wani babban kamfani ya ci ta ya ba ka wani yanki, wannan ka karɓa.

Kada kuma ka ajiye abin da ke ciyar da kai saboda wannan. In kana koyarwa a makarantar kuɗi, ko kana da shagon POS, ko gonar rani, riƙe, aikin awo da safe ko ranar kasuwa ake yinsa. Ka ba kanka shekara ɗaya. In ta cika kana da ayyuka uku a rubuce da mutum biyu masu biyanka duk wata, ci gaba. In babu, ka ɗauki Excel ɗin da littafin ka nemi kujerar akanta ko mai kula da sito a ɗaya daga cikin kamfanonin Sharaɗa ko Bompai ko Challawa, su ma masu iya wannan lissafi suke nema.